Awon gudun jini a cibiyar ɗan tayi: abin da yake faɗa da inda amincinsa ya tsaya

Wannan darasi an shirya shi ne domin ungozomomin asibiti, da ma'aikatan jinya na CSI, da jami'an yaƙi da tamowa, da masu faɗakarwa na ƙauyuka a jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Da yawa daga cikin yaran da muke karɓa a CRENI suna da wata shida ko bakwai, ramarsu ta faro ne tun suna cikin mahaifa. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, da UNICEF suka fitar ya nuna cewa a shekarar 2020 an haifi jarirai miliyan 19,8 da nauyinsu bai kai garam 2500 ba, kusan jariri 1 ke nan cikin kowane 7 a duniya. Masana kuma sun ƙiyasta cewa kusan kashi 1 cikin 5 na tsumburewar yara a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi yana da asali a ƙarancin girma tun a ciki. A ƙasarmu, inda binciken SMART na 2022 ya sami kashi 47 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara biyar a tsumbure, wannan batu ya shafi aikinmu kai tsaye.

A ƴan shekarun nan mata suna ƙara dawo mana daga hoton ciki, wanda aka fi sani da ekogarafi, riƙe da takarda mai ɗauke da kalmar Doppler da wasu lambobi. Wata tana dawowa da fargaba, wata kuma da kwanciyar hankalin da ke sa ta daina zuwa awo. Wajibi ne mu san ma'anar waɗannan lambobi, mu kuma san iyakar da za a dogara da su.

Ƙaramin tayi iri biyu ne

Ana cewa ɗan tayi ƙarami ne idan aka jera ƴan tayi 100 masu makonni daidai da nasa, ya faɗo cikin 10 mafi ƙanƙanta. Sai dai ba dukansu ne ke cikin haɗari ba. Akwai wanda halittarsa ce haka, iyayensa masu ƙaramin jiki ne, yana samun abincinsa cikakke, yana girma a kan hanyarsa. Akwai kuma wanda aka tauye, wanda da ya sami abin da yake bukata da ya fi haka girma. Na biyun shi ne abin damuwa, domin shi ne ke iya mutuwa a ciki, ko ya kasa jure naƙuda, ko ya zo duniya da ƙarancin sukari a jini da saurin ɗaukar sanyi.

Mafi yawan tauyewar na zuwa ne daga mabiyiya. A farkon ciki, ƙananan jijiyoyin mahaifa suna buɗewa su faɗaɗa domin jinin uwa ya riƙa kwarara zuwa mabiyiya ba tare da tsaiko ba. Idan wannan buɗewa ba ta kammala ba, sai iska da abinci su yi wa ɗan tayi kaɗan, kuma wannan ce hanyar da hawan jini na masu ciki da jijjiga suke bi. Zazzaɓin cizon sauro ma yana da hannu, saboda jajayen ƙwayoyin jini masu ɗauke da cutar suna taruwa su manne a mabiyiya ko da uwa ba ta jin zazzaɓi, musamman a cikin fari. Ga kuma ƙarancin jini, da ramar uwa, da ɗaukar ciki tun jiki bai gama girma ba, da kunika, da aikin ƙarfi a gona a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. A damina waɗannan dalilai kan haɗu a jikin mace guda.

Awon nauyi kaɗai ba ya rarrabe tsakanin waɗannan iri biyu. Abin da aka nemi awon gudun jini ya yi ke nan.

Yadda na'urar take aiki

Sunan ya samo asali ne daga Christian Doppler, masanin ƙasar Ostiriya wanda ya bayyana ƙa'idar a 1842. Kowa ya taɓa lura da yadda ƙarar babur take sirancewa idan yana tahowa, ta kuma yi kauri idan ya wuce. Haka na'urar take aika sautin da kunne ba ya ji, sautin ya bugi ƙwayoyin jini masu tafiya ya dawo da ɗan canji, daga wannan canji ta lissafa saurin jinin. A 1977 ne FitzGerald da Drumm, a birnin Dublin, suka wallafa awon farko na gudun jini a cibiyar ɗan tayi ta wannan hanya.

Cibiya tana da jijiyoyi uku. Biyu suna kai jini daga ɗan tayi zuwa mabiyiya, ɗaya tana dawo da shi ɗauke da iska da abinci. Waɗancan biyun ake aunawa. A fuskar na'ura ana ganin zane mai tudu da kwari: tudun shi ne saurin jini lokacin da zuciya ta matsa, kwarin kuma saurinsa lokacin da ta saki. Idan mabiyiya lafiya lau take, hanyoyinta a buɗe, jini yana ci gaba da tafiya ko a lokacin sakin zuciya, sai kwarin ya kasance bai yi zurfi ba. Idan hanyoyin sun fara toshewa, kwarin yana ƙara zurfi. Idan fiye da rabinsu sun lalace, yana iya taɓa ƙasa, wato jini ya tsaya cik tsakanin bugu da bugu. Mataki na ƙarshe shi ne jinin ya riƙa komawa da baya.

Lambar da aka fi rubutawa a takardun da ke zuwa mana ita ce IR, ma'aunin turjiya, wanda Bafaranshe Léandre Pourcelot ya tsara. Ana cire kwari daga tudu, a raba da tudu. Idan tudu santimita 40 ne a daƙiƙa, kwari 12, to IR ya zama 0,70. Idan kwari ya ɓace, IR ya zama 1. Akwai kuma IP, inda ake rabawa da matsakaicin saurin jini. A cikin lafiyayyen ciki, duka biyun suna raguwa a hankali yayin da makonni ke ƙaruwa.

Ana kuma auna jijiyar tsakiyar ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Idan iska ta yi masa kaɗan, jikinsa yana buɗe jijiyoyin ƙwaƙwalwa ya rage wa ƙoda da hanji da gaɓoɓi, sai lambar ƙwaƙwalwa ta sauka. Ragin da ƙoda ke samu shi ne ke rage ruwan da ɗan tayi ke kwance a ciki. A manyan asibitoci ana ƙarawa da wata ƴar jijiya da ke tsakanin hanta da zuciya, wadda ke nuna lokacin da zuciyar ta fara gazawa.

A nan akwai ruɗanin da ya kamata a kawar. Ƙaramar na'urar hannu da ake jin bugun zuciyar ɗan tayi da ita a CSI ita ma Doppler ake kiranta, amma bugun zuciya kawai take ƙirgawa. Jin bugu mai kyau da ita bai nuna cewa mabiyiya tana aikinta ba.

Abin da bincike ya tabbatar

Ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan mata fiye da 10 000 masu ciki mai haɗari, wato masu hawan jini, ko waɗanda ake zargin tayinsu ya tauye, ko waɗanda suka taɓa haihuwar gawa. Inda aka yi amfani da awon jijiyar cibiya wajen yanke shawara, mutuwar jarirai a ciki ko jim kaɗan bayan haihuwa ta kasance kusan 12 cikin 1000, inda ba a yi ba kuma kusan 17 cikin 1000. An kuma sami raguwar tayar da naƙuda da tiyata. Wannan riba ce ta gaske.

Amma da aka gwada awon a kan dukan mata ba tare da zaɓi ba, a ƙasashe masu arziki, ba a ga wani amfani ba. Shi ya sa ƙa'idojin awon ciki da OMS ta fitar a 2016 ba su ba da shawarar yi wa kowace mai ciki Doppler ba. Abin da suka nema shi ne ganawa 8 da ma'aikacin lafiya, da hoton ciki guda ɗaya kafin mako na 24.

Maganar ba ta rufe ba a nahiyarmu. A Afirka ta Kudu an ƙera ƙaramar na'ura mai suna Umbiflow, wadda ma'aikaciyar jinya za ta iya sarrafawa bayan gajeren horo. Da aka gwada ta a Mamelodi, kusa da Pretoria, a kan matan da ake ɗauka cikinsu ba shi da haɗari, an tarar da tsayuwar jini a cibiya fiye da yadda ake samu a Turai, kuma mutuwar ƴan tayi ta yi ƙasa a tsakanin waɗanda aka auna. Sai dai ba a raba matan ta hanyar ƙuri'a ba, kuma duk wadda aka samu da matsala akwai asibitin da ya karɓe ta ya bi ta har haihuwa.

Game da tayin da ya tauye tun da wuri, binciken TRUFFLE, wanda aka wallafa a 2015, ya bi mata 503 a asibitoci 20 na Turai, masu ciki tsakanin mako 26 da 32. Ya nuna cewa haɗa awon jijiyar kusa da zuciya da na'urar bin bugun zuciya ya fi kare ƙwaƙwalwar yaran da suka rayu. Waɗannan asibitoci suna da kwalabe da injunan numfashi, don haka ba za a kwaso sakamakonsu yadda yake a ɗora a kan kowane wuri ba.

Inda kuskure yake shiga

Na farko shi ne rashin sanin makonnin ciki. Kowace lamba ana kwatanta ta ne da abin da ya dace da makon da ake ciki. Hoton da aka ɗauka a watanni ukun farko yana faɗin kwanakin ciki da kuskuren da bai wuce mako guda ba, amma wanda aka fara ɗauka a watanni ukun ƙarshe yana iya kuskuren mako uku. Idan mace ta ɓoye cikinta saboda kunya har wata na bakwai, tayi mai mako 35 da ya tauye yana iya bayyana tamkar lafiyayye mai mako 32, lambarsa da ta yi yawa kuma a ɗauke ta daidai.

Na biyu shi ne ƙiyasin nauyi. Na'ura ba ta ɗora ɗan tayi a sikeli. Tana auna kai da ciki da ƙashin cinya, ta lissafa, kuma lissafin yana iya kaucewa da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Idan takarda ta ce garam 1800, gaskiyar tana iya kasancewa tsakanin 1530 da 2070. Saboda haka ba a kwatanta hotuna biyu don ganin girma sai da tazarar mako biyu aƙalla.

Na uku shi ne wurin da aka auna. Lambar ta fi yawa a kusa da cikin ɗan tayi, ta fi kaɗan a kusa da mabiyiya. Ƙa'ida ita ce a auna a tsakiyar cibiya inda take yawo a sake, a kuma riƙa komawa irin wannan wuri kowane lokaci.

Na huɗu shi ne halin ɗan tayi a lokacin awon. Idan yana motsi, ko yana shaƙuwa, ko yana motsin numfashi, zanen yana hargitsewa. Idan zuciyarsa ta yi sauri lambar tana sauka, idan ta yi jinkiri tana hawa. Dole a jira ya natsu, a sami tudu huɗu zuwa shida masu kama da juna. A koma ga misalinmu na baya: idan a wani lokaci kwari ya fito 8 maimakon 12, IR ya tashi daga 0,70 zuwa 0,80 alhali mabiyiyar ba ta canza ba, kuma wannan bambanci ya isa ya tsallakar da mace daga layin lafiya zuwa layin haɗari.

Na biyar shi ne saitin na'ura da hannun mai awo. IR da IP rabo ne, don haka karkatar kan na'ura ba ta cika canza su ba. Amma idan sautin ya faɗa wa jijiyar a gicciye, kusa da digiri 90, zanen yana ƙanƙancewa har kwarin ya ɓace. Akwai kuma wata matata a cikin na'urar da ke share ƙananan motsi. Idan an ɗaga ta da yawa, sai ta share jinin da ke tafiya a hankali, a rubuta cewa ya tsaya alhali yana gudana. Danna kan ɗan tayi da ƙarfi shi ma yana canza lambar ƙwaƙwalwa, wadda dama ta fi ta cibiya saɓani tsakanin mai awo da mai awo.

Na shida shi ne jadawalin da aka kwatanta da shi. An wallafa jadawaloli da dama, iyakokinsu kuma sun bambanta, ta yadda lamba guda za ta zama mai kyau a wannan ta zama marar kyau a wancan. Ya kamata kowane asibiti ya tsaya a kan jadawali ɗaya.

Na bakwai ya fi sauran muhimmanci a wurinmu. Tun 2016 masana suka amince a raba tauyewar girma gida biyu: mai bayyana kafin mako 32 da mai bayyana daga mako 32 zuwa sama. Ta farko ce awon cibiya yake kamawa da kyau. Ta biyu ta fi yawa, kuma a cikinta lambar cibiya takan fito daidai duk da cewa ɗan tayi yana cikin ƙunci. Bugu da ƙari, awon yana ganin toshewar hanyoyin jini ne kawai. Ba ya ganin ko jinin da ke gudana yana ɗauke da isasshen abinci. Uwa mai rama da ƙarancin jini tana iya samun sakamako mai kyau, ta kuma haifi jariri mai garam 2100.

A taƙaice, mummunan sakamakon da aka maimaita aka tabbatar abin dogaro ne ƙwarai, musamman tsayuwar jini ko komawarsa baya. Kyakkyawan sakamako kuwa labarin ranar da aka yi shi ne, ba ya ɗauke wa mace zuwa awo na gaba.

Awon ba magani ba ne

Babu abinci ko ƙwaya da ke buɗe mabiyiyar da ta riga ta toshe. Amfanin awon shi ne zaɓen lokacin haihuwa. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa suna ba da shawarar fitar da ɗan tayi tsakanin mako 30 da 32 idan jini yana komawa baya, da tsakanin mako 32 da 34 idan ya tsaya, mafi yawa ta hanyar tiyata. Wannan shawara ta likitan mata ce, wanda zai auna haɗarin zama a ciki da haɗarin zama bakwaini gwargwadon kayan da asibitinsa ke da su.

Allurar deksametazon da ake yi wa uwa don nunar da huhun bakwaini tana koya mana darasi a nan. Gwajin da OMS ta jagoranta a asibitocin Bangaladesh, Indiya, Kenya, Najeriya da Pakistan, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna tana rage mutuwar jarirai idan an san makonnin ciki da hoto kuma akwai kulawar jarirai. Wani gwaji da aka wallafa a 2015, inda aka bazu da ita har ƙananan wuraren haihuwa ba tare da tabbacin makonni ba, ya sami ƙaruwar mutuwa. Kuskuren kwanan ciki yana iya mai da taimako cuta.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Mu jawo mata awo tun a watanni ukun farko, mu ƙarfafa musu yin hoto kafin mako na 24, a rubuta ranar da makon a kan karne. Awon ciki da tiyatar haihuwa suna cikin ayyukan da gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗinsu tun shekarun 2005 da 2006. Mu tunatar da mazaje da surukai, domin su ne ke ba da izinin fita.

A kowane awo a gwada hawan jini, a auna damtse, a auna tsayin mahaifa da mitar tela daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa. Daga mako 24, santimitocin suna tafiya kusan daidai da makonni. Idan sun gaza da 3 ko fiye, ko suka tsaya wuri guda a awo biyu a jere, a tura mace hoto. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, mitar tela kuma ta fi ido. Macen da damtsenta bai kai santimita 23 ba a sa ta cikin shirin ƙarin abinci.

A ba da ƙwayar ƙarin jini kullum, mai miligaram 30 zuwa 60 na ƙarfe da maikurogaram 400 na asid folik. A ba da Fansidar daga wata na huɗu, aƙalla sau uku da tazarar wata guda, a sha a gaban ma'aikaci, a kuma tabbatar ana kwana cikin gidan sauro. Inda abinci ba ya ɗauke da isasshen kalsiyam, OMS ta ba da shawarar garam 1,5 zuwa 2 a rana don rage jijjiga. Wadda ta taɓa jijjiga ko take da hawan jini tun kafin ciki, likita zai iya sa ta a kan ƙaramin aspirin.

Idan mace ta kawo takardar Doppler, a duba abu huɗu: makon cikin da yadda aka san shi, nauyin da aka ƙiyasta, yawan ruwa, da abin da aka rubuta a kan jinin cibiya. Idan an ce ya tsaya ko yana komawa baya, a tura ta ranar nan zuwa asibitin da ke tiyata da kula da jarirai, kamar Cibiyoyin Lafiyar Uwa da Yaro na Maraɗi, Damagaram da Tawa, ko gidan haihuwa na Issaka Gazoby a Yamai, ba tare da jiran ranar kasuwa ba. Idan lambar ta ɗan haura kawai, a tabbatar ta koma ranar da likita ya sa mata, a wuri guda in da hali. Idan sakamakon ya yi kyau amma tayin ƙarami ne, a ci gaba da binta har ta haihu a asibiti.

A gaya mata gaskiya da harshen da za ta fahimta: "Hoton ya nuna yau jini yana tafiya da kyau, amma yaron ƙarami ne, don haka muna son ganinki bayan mako biyu. In kika ji motsinsa ya ragu, ko kanki yana ciwo, ko idonki yana ganin hazo, ko kika ga jini, ki zo nan take ko da tsakar dare ne."

Bayan haihuwa, jaririn da bai kai garam 2500 ba a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a fara ba shi nono cikin awa ta farko, a hana shi ruwa da jiƙo da rubutu, a rubuta sunansa cikin waɗanda mai faɗakarwa zai riƙa ziyarta, a kuma riƙa auna nauyinsa kowane mako har ya kama hanyar girma.